Gwangwanin da Na Fitar Shan Iska a Springfield

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan biki tambaya, har mai kawo mana ruwa sai da ya ajiye jarka ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne a can kare ma riga ake sa masa?" Da gaske ne, na gani da idona, har da hula. To na gaji da maimaici, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Jiya-jiyan nan na ji wai an tsare ni kwana biyu a filin jirgi. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa a cikin taro ba saboda kunya, a nan zan faɗe shi.

Jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi, tana aure a wani gari mai suna Springfield, kusa da birnin Washington. Shekararta shida da aure, sai a lokacin Allah ya ba ta haihuwa, ta samu 'ya mace. Mijinta injiniya ne, Bakatsine, mai kunya ta fitar hankali. Tun da ya auri Ummi bai taɓa haɗa ido da ni ba, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba, Injiniya zan ce. In ya bugo waya, "Mama ina wuni, ya gida, to ga ta," shi ke nan ya miƙa mata.

Daga Zariya mota na bi zuwa Abuja, daga nan jirgi zuwa Jamus. Kafin wannan sau ɗaya na taɓa hawa jirgi, lokacin aikin hajji, kuma wancan ai jirgin gida ne, kowa naka, ana ta hira ana miƙo goro. Wannan kuwa kowa ya toshe kunne ya zuba wa ɗan talabijin ido. Allah ya haɗa ni kujera da wata 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa sauri. Da aka kawo abinci na buɗe na ga wani abu kore a kwance cikin farin ruwa, na rufe abina. Ta ce, "Hajiya ki ci, ba alade ba ne." Na ce ko ba alade ba ne ban san ubansa ba. Burodi da shayi ne suka kai ni Jamus.

Ummi ta sa an tanadar mini keken guragu saboda gwiwata, amma da aka turo shi a Jamus na ce su mayar, ƙafata ƙalau, ni da nake zuwa kasuwar Tudun Wada a ƙasa. Wayyo! Filin jirgin nan gari ne guda. Muka yi ta tafiya har na fara tunanin ko a ƙasa za mu ƙarasa Amurka. Da muka sauka Washington kuwa, tun kafin mai keken ya buɗe baki na riga na zauna.

Mai turo ni wani dattijo ne baƙi, ashe ɗan zangon Kumasi ne. Ya dubi hijabina ya ce, "Maame, sannu da hanya, kin zo lafiya?" Wallahi sai da na ji ƙwalla. Shi ya zame mini tafinta a wajen masu binciken kaya, don Turancin da na koyar shekara talatin a firamare bai amfane ni da komai ba, mutanen nan ta hanci suke magana. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya shinshina jakata ya zauna daram a gefenta. Aka buɗe. Kilishin da na sa aka yi wa mai jego na musamman, suka ɗauke shi gaba ɗaya suka jefa a kwandon shara ina kallo. Na ce Allah ya isa, ɗan Kumasi ya ce, "Maame, wannan ba zan fassara ba." Kanwa ta ba su wahala, suka yi ta juya ta, har sai da ya ce musu gishirin mai jego ne. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa kuwa, sai ya ja da baya taku biyu, ya ɗaure da sauri, ya yi mini alama da hannu in wuce.

Injiniya ne ya zo ɗaukata. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa, ya miƙo mini wata ƙatuwar rigar sanyi ba tare da ya ɗago kai ba. Na shiga baya, ya ja mota. Kusan minti arba'in muna tafiya, maganar da ta shiga tsakaninmu ita ce "Ya mutanen gida?" da "Suna gaishe ku."

Gidansu irin jerin gidajen nan ne da ke manne da juna, hawa uku. Sama can ƙananan ɗakunan kwana biyu, tsakiya falo da kicin, sai ɗakin ƙasa da suke kira besmen. Rabinsa a cikin ƙasa yake, amma da yake gidan a gangare aka gina shi, yana da ƙofa ta baya da 'yar taga masu fita wani ɗan fili. Babban ɗaki ne, ga banɗaki a ciki, ga ɗumi. Ina ganinsa na ce nan ne ɗakin jego. Na sa aka sauko da Ummi da jaririya, muka tare mu uku. Da aka miƙo mini yarinyar nan, 'yar mitsitsiya, ta damƙe mini yatsa, duk gajiyar Jamus da baƙin cikin kilishi suka bi iska.

Wankan jego sai da muka yi ciniki. Ummi ma'aikaciyar kantin magani ce, ta ce ruwa mai tafasa ba zai taɓa jikinta ba, kanwa kuma sai kaɗan. Na ce mu da aka yi wa da tafasasshe ga mu nan da ranmu. Ta ce, "Ga ki kuma da hawan jini." 'Ya'yan zamani ke nan. Muka tsaya a ruwa mai zafi daidai, kunun kanwa kuma sai dai a nuna masa kanwar daga nesa.

Ranar suna maza suka tafi wata gona can Maryland suka yanko rago, don a unguwar in ka yanka ko kaza a ƙofar gida sai ka ga 'yan sanda. Ban san akwai Hausawa haka a ƙasar ba sai ranar. Likitoci, malaman jami'a, direbobin tasi 'yan Nijar, matansu da lesuka da gwala-gwalai, gida ya cika har matakala. 'Ya'yansu ne abin dariya, ka ce "Ina wuni?" su durƙusa da ladabi su amsa maka da Turanci. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciya ta kawo taliya da cuku a faranti mai murfi, da kati, ta tsaya bakin ƙofa za ta juya. Na janyo hannunta na zaunar da ita, ta ci waina huɗu. Da liman ya raɗa suna kuwa, sai na ji an ce Hauwa'u. Sunana! Ba wanda ya gaya mini. Na ja mayafi na rufe fuska, mata suka ɗauki guɗa. Jidda ake kiranta, ni kuwa takwara nake ce mata.

Kwana biyu da suna na tafka ta farko. Ɗakin mai jego ba turare ai ba ɗaki ba ne, sai na kunna gawayi a kan murhu na sauko da shi a kasko, na zuba turaren wutata na Maiduguri. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu da ke manne a silin ya tsala ihu, na sama ma ya amsa, gida duk ya ɗauka. Takwara ta fasa kuka. Sai ga Injiniya a guje daga shi sai singileti, ya haye kujera ya danne abin. Ya juyo ya gan ni ba ɗankwali, kasko a hannu. Ban san wanda ya fi wani jin kunya ba. Ya ce, "Ba komai Mama, ba komai," ya haura da baya da baya.

Bayan kwana huɗu sai ga shi ya sauko da wani ɗan gwangwani kamar na man goge takalmi. Ya buɗe murfin, ciki garin gawayi ne a ƙarƙashin raga, ya ajiye a kan tebur. Ya yi wa Ummi magana da Turanci ƙasa-ƙasa ya fita. Ummi ta ce, "Mama, iskar ɗakin za a auna. Kwana uku, kar a taɓa shi, kar a buɗe taga ko ƙofar baya."

Na ce, "Me ya samu iskar?"

Ta ce, "Ba komai, tes ne kawai."

Ba komai! Ni za a yi wa ba komai? Kwana huɗu da ihun silin, a kawo ma'aunin iska a dasa mini a gaban gado, a ce ba komai. Nan take na gane ni ake aunawa, ni da turarena da daddawata. Wato za a aika wa hukuma takarda cewa wata tsohuwa ta taso daga Zariya ta ɓata musu iskar gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan tambaya? Suruki ba a titsiye shi, ita kuma 'yar fari ba na ja-in-ja da ita a gaban mijinta. Na ce a raina, gwangwani, ni da kai ne.

Kullum da safe Injiniya kan fita aiki, Ummi kuma in ta gama wanka ta sha kunu sai ta haura falo da takwara, inda rana ke shigowa, ba ta saukowa sai yamma. Suna haurawa sai in wangale ƙofar baya da taga, in ɗauki gwangwanin nan da hannu biyu in kai shi waje in ɗora a kan wata tukunyar fure. Sanyi kamar zai tsinke kunne, ni kuwa ina cikin rigar sanyi da bargo ina shara ina fifita ɗaki da faifai. Sai na ji la'asar ta yi in shigo da shi in ajiye daidai inda yake, har zanen ƙurar na kiyaye. Taga kuma na bar ta a ɗan buɗe bayan labule, dare da rana. Haka na yi kwana uku cur. Injiniya ya zo ya rufe abinsa ya sa a ambulan ya aika.

Bayan kamar kwana goma amsa ta zo. Daga kan matakala na ji yana ta alhamdu lillahi. Ummi ta ce wai daga lamba huɗu ake fara damuwa, namu ko ɗaya bai kai ba. Na gyara zama na ce, "To, madalla, sai a bar mutum ya sarara." Ranar har turare na ɗan sa, bayan na yafa wa abin silin hular wanka.

Washegari sai ga robobin fenti ruwan ƙwai da sabon gadon yara. Ummi ta ce tunda ɗakin ya fito lafiya, in na tafi nan za su mayar ɗakin kwanansu, na sama sun yi ƙanana. Nan takwara za ta yi rarrafe, nan za ta girma. Na sa albarka da zuciya ɗaya.

A wajen suna na yi ƙawa, Hajiya Rakiya, mutuniyar Maraɗi, mijinta direban tasi ne, shekararsu goma sha biyar a ƙasar. Mace mai faɗi da dariya, ga tuƙi kamar namiji. Wata Asabar ta zo ta ɗauke ni, ta ce zaman ɗaki zai sa ni tsatsa. Muka je wani kantin 'yan Afirka a Hyattsville, na ga kuka da kuɓewa busasshiya da manja jere a kan kanta, har da kilishin da aka yi a can. Na ɗanɗana, na ce a kai kasuwa. Daga nan muka wuce gidanta a Lanham, ta kwaɗa mana zogale da ƙuli.

A besmen ɗinta na yi azahar. Ina sallamewa idona ya faɗa kan wani farin bututu mai kauri da ya fito daga cikin siminti ya shige bango, an manna masa wata 'yar kwalba lanƙwasasshiya da shuɗin ruwa a ciki. In ka kasa kunne kana jin ɗan gurnani. Na ce, "Rakiya, wannan kuma na mene ne, rijiyar burtsatse kuka haƙa a ɗaki?"

Ta kwashe da dariya ta ce, "Na radon ne, Hajiya. Ba ki san ta ba? Iska ce da ke hitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ta tsagar siminti take shigowa. Ba ta da wari, ba ta da launi. A waje ba ta komi, iska na kwashe ta, amma a ɗakin ƙasa ruhwahhe sai ta taru. Ba yau take kama mutum ba, ba gobe ba. Shekara da shekaru kana shaƙa, sai ta zama kansar huhu, ko ba ka taɓa sa taba a baki ba. Da za mu sayi gidan ga aka auna, ta yi yawa, shi ne aka sa bututun da fanka tana zuƙe ta tana hidda ta sama da rufi. Kuma kin ga maƙwabcinmu, bango ɗaya ya raba mu, nashi lahiya lau. Sai an auna ake sani."

Na ce, "Ai mu ma an auna wani abu a gida, da ɗan gwangwani, ya fito lafiya."

Ta ce, "Shi ne, shi ne! Madalla. Kun dai ruhe ko'ina ko? Don in aka buɗe taga, gwangwanin ƙarya zai yi."

Lokacin mun riga mun zauna kan zogalen. Na ajiye cokali. Ta ce, "Lahiya?" Na kwashe labari na gaya mata tun daga ihun silin har tukunyar fure. Rakiya ta yi dariya har ta zame daga kujera, tana dukan cinya tana cewa, "Kin kai shi shan iska! Wayyo cikina!" Can sai ta tsaya, ta goge ido da gefen gyale, ta ce, "Ɗiyar a nan take kwana?" Na ce a nan, kuma a nan za ta ci gaba. Ta ce, "Hajiya, ki gaya mishi yau."

A mota na yi ta saƙa da warwara. Saura mini wata guda in koma gida, ba wanda ya gan ni, takarda ta riga ta ce lafiya. Na roƙi Rakiya ta gaya wa mijinta ya gaya wa Injiniya a masallaci. Ta ce ba ruwanta. Na ce to zan gaya wa Ummi ta san yadda za ta yi. Sai kuma na tuna saƙon da ya bi ta baki biyu ne ya kai mu nan, kuma na san 'yata, rufa mini asiri za ta yi, ta ce masa a sake gwaji haka kawai, shi kuma ya ce ai an yi. Da na shiga ɗaki na tarar da takwara tana barci a sabon gadonta, hannu biyu a sama, ɗan cikinta na hawa yana sauka, robobin fenti a gefe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Yarinyar da aka jira shekara shida, aka sa mata sunana, ni da hannuna na sa aka ce ta kwana a inda ba a san me take shaƙa ba.

Kafin magariba Injiniya ya dawo, ya tsaya a matakala ta uku inda ya saba, ya ce, "Mama, barka da yamma."

Na ce, "Injiniya, sauko."

Saura kaɗan ya rufto. Ya sauko ya tsuguna bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ummi ta biyo shi ido waje, ta ɗauka rasuwa aka yi a gida. Na juya na fuskanci bango, don ba zan iya kallonsa ba, na faɗi komai. Ban rage ko hular wanka ba.

Ummi ce ta fara magana, "Mama! A kan tukunyar fure?" Na saci kallonsa sai na ga kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce yake dannewa har da hawaye. Da ƙyar ya ce, "Mama, ki gafarce ni, laifina ne. Wani abokin aikina ne ya ce in auna kafin mu sauko da yarinya. Ni na ce wa Ummi kar a gaya miki sunan ciwon, kar hankalinki ya tashi. Turarenki kuwa wallahi daɗinsa nake ji."

Na ce, "Laifinka ne kuwa. Rabi."

A ranar muka kwashe muka koma sama, gwiwa tana ƙara ina hawa. Ya sayo gwangwani biyu, wannan karon ya durƙusa a gabana ya yi mini bayani da Hausa tiryan-tiryan, ya ce ni ce mai gadi. Ai kuwa sun ga gadi. Na sa kujera a bakin ƙofar besmen na zauna da carbina. Wata baƙuwa ta zo barka ta ce za ta sauka ta yi alwala, na ce ko matar gwamna ce sai dai ta hau sama. Injiniya da kansa ya zo ɗaukar wata takarda, na ce bayan kwana uku.

Amsa ta zo, gwangwani biyun duka sun haura goma. Ummi ta zauna a hannun kujera ta rungume 'yarta. Ni kuwa kuka na yi sosai, na ce makonnin da muka yi a ciki fa? Ta kira likitar yarinyar a gabana, likita ta ce 'yan makonni ba shekaru ba ne, a gyara ɗakin kawai, kar a koma sai an gyara. Sai a lokacin na iya cin abinci.

Masu gyara su biyu suka zo, wani jibgegen Bature mai gemu har ƙirji da abokin aikinsa. Suka huda simintin a lungu, suka kwashe tsakuwa bokiti guda, suka dasa bututu irin na Rakiya, suka bi duk wata tsaga suka liƙe. Fankar a waje suka sa ta, bututun ya bi bango har ya wuce rufi. Wuni ɗaya suka gama. Na soya musu ƙosai, Ummi na cewa Mama a nan ba a ba ma'aikata abinci, na ce a gidan da nake ana ba su. Mai gemu ya dangwali yaji da yawa, ya yi jawur har kunne, yana tari yana miƙo faranti a ƙara. Kafin ya tafi ya kira ni ya nuna mini 'yar kwalbar nan da hannu: in shuɗin ruwan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, fanka na aiki, in suka yi daidai a kira shi. Wannan Turancin na gane shi sarai.

Da aka yi arba'in suka kai ni cikin Washington a jirgin ƙasa mai bin rami. Na ga fadar shugaban ƙasa ta bayan shinge, a lokacin baƙar fata ne a ciki. Gidan bai kai yadda ake zuzuta shi ba, akwai 'yan kasuwa a Kano da nasu ya fi shi girma. Muka ci kifi a bakin ruwa, Injiniya har ya tambaye ni ko a ƙaro, kai tsaye, ba ta bakin Ummi ba.

Sai dai aiki bai ƙare ba, dole a sake aunawa a ga ko bututun ya yi amfani. Na yi gadina na kwana uku, aka aika, amma ranar tafiyata ta riga amsar zuwa. Haka na hau jirgi zuciyata a rataye. Na iso Zariya, 'yan sannu da zuwa suka cika gida, ina raba tsaraba ina dariya, hankalina yana can ƙarƙashin wani gida a Springfield.

Rana ta shida, bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa waya ta yi ƙara. Na ɗauka na ji muryar Injiniya. Ya gaishe ni, na amsa, na jira ya ce ga ta. Bai ce ba.

Ya ce, "Mama, awon gwangwani ya sauka. Bai kai ɗaya ba. Kuma wannan karon ba wanda ya kai shi shan iska."

Na ce, "Ka ga ɗan nema!" Na saki guɗa har kaji suka watse.

Ya ce, "Mun sauko tun jiya. Ga takwararki nan ta koma barcin safe, bari in sa miki ita."

Ya kara wayar a kusa da fuskarta. Na ture tiren shinkafa, na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Can ƙasa-ƙasa na jiyo numfashinta, a hankali, tana ja tana saki. Ina nan zaune ina saurare har katin kiransa ya ƙare.